Wanda Ya Goge Kalandar Kafintoci

Shafi na 17

Shugaba ya kori Auta daga aikin shafin ƙungiyar kafintoci ranar Laraba, a gaban 'yan kwamiti bakwai. 'Yarsa ce ta cikinsa, amma bai duba wannan ba. Kalandar da ke shafin ta wayi gari fayau, babu rana ko ɗaya a cikinta, kuma Auta ce mai kula da ita. Ya ce ta ajiye makullin ofis ta fita. Ta ajiye ta fita.

Yau Alhamis. Ƙarfe huɗu na yamma hukumar jarrabawar sana'a za ta rufe karɓar sunaye. Kafinta sittin da uku ne suka yi rajista ta cikin kalandar nan. Kowa ya zaɓi ranarsa, kowa aka ba shi lambarsa. Sunayen da lambobin duk sun tafi tare da ranakun. In ba a miƙa su yau ba, sai baɗi. Kafintan da ba shi da takardar shaida kuwa, ba mai ba shi aikin babban gini. Sai dai gyaran ƙafar kujera.

Tun ƙarfe ɗaya Shugaba yake tsaye a kan matar da aka ɗauko ta gyara shafin. Injiniya ake ce mata. Mace ce mai gilashi, ta ɗan manyanta, ba ta da yawan fara'a. Ta share ƙurar katako daga kan tebur da gefen hannu, ta buɗe kwamfutarta, ba ta ƙara ɗaga kai ba. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan shagon Shugaba, da falanki aka raba su. Duk sanda aka kunna injin yanka, har teburin rawa yake.

"Ya gyaru?" in ji Shugaba.

"Baba, minti biyar ke nan da ka tambaye ni."

"Minti biyar ya ishe ni in kafa wa tebur ƙafa."

"To wannan ba tebur ba ne."

Dogo, mataimakin Shugaba, ya ƙyalƙyale da dariya daga kan benci. Shugaba ya juya ya dube shi. Dariyar ta mutu nan take.

"Yi mini bayanin abin da kike yi. Ba a aiki a wurina ban san kansa ba."

Injiniya ta numfasa.

"Shafinku kamar ɗaki ne. Kalandar ba tare da shi aka gina ta ba. Ƙaramar manhaja ce da aka jona masa daga baya, fulogin muke ce mata. Kamar kabad ɗin da aka buga a bango da ƙusa."

"Ba a buga kabad da ƙusa. Da sukuru ake ɗaure shi."

"To da sukuru."

"Ci gaba."

"Na fara share tsohon hoton shafin da wayoyi ke riƙewa, ko shi ya rufe ranakun. Ba shi ba ne. Yanzu ina kashe sauran fulogin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya kuke da su. Wani lokaci biyu sukan yi faɗa, ɗaya ya danne ɗaya."

"Kamar 'yan kwamiti," in ji Dogo.

"Kai wa ya sa da kai?"



Ta kashe na farko, ta duba. Fayau. Ta kashe na biyu. Fayau. Shugaba yana ƙirgawa a zuciyarsa. Bai ga rubutun da ke allon sosai ba, amma yana ganin akwatunan kwanakin, farare ƙal, a jere kamar aljihun durowar da ba a sa wa komai ba. Har ta kai na goma sha ɗaya ba abin da ya motsa. Ta canza wa shafin kamanni gaba ɗaya, launi da tsari, ko a nan matsalar take. Shiru.

"Injiniya, ki daina wahalar da kanki," Dogo ya ce. "Yarinyar da bakinta ta faɗa. Ranar Litinin ta danna wani abu wai sabuntawa. Washegari muka tashi ba komai."

"Na ji. Yanzu zan mayar da tsohuwar."

Ta cire sabuwar manhajar, ta mayar da wadda take a da. Ta jira. Akwatunan suka dawo yadda suke, ba komai a ciki.

Shugaba ya bugi falankin bango da tafin hannu. Ƙura ta zubo.

"Awa ɗaya da kwata! An ce mini ke ce gwanar garin nan!"

"Ba ni na ce ba."

Ba ta ko dube shi ba. Ta rubuta wani abu gajere, ta danna. Sai ga shuɗin layi ya fito a cikin akwati ɗaya.

"Ga ta nan!" Dogo ya zaburo. "Ta dawo!"

"Ba ta dawo ba. Ni na saka wannan yanzu, gwaji ne." Ta cire gilashinta ta goge da gefen riga. "Baba, kalandarku lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau? Raina mini hankali za ki yi?"

"Kabad ɗin bai karye ba. Kayan ciki aka kwashe. Sabuntawa ba ta kwashe kaya haka. Wannan aikin hannu ne."

Dogo ya tafa hannu.

"Me na ce? Shugaba, me na ce maka jiya? Da gangan ta yi. Tun da ka sallami yayanta take cika tana batsewa. Ramuwa ce, wallahi. Shi ya kitsa mata daga can."

"Kada ka ƙara ambaton wannan yaron a nan."

Yaron da ake magana babban ɗan Shugaba ne. Shi ya gina shafin, shi ya riƙe sakataren ƙungiya shekara shida. Wata huɗu da suka wuce ya miƙe a tsakiyar taro, ya ce bai kamata Baba ya ci gaba da duba aikin masu shiga jarrabawa ba, don idonsa ya daina ganin layukan tef ɗin awo. A gaban mutum fiye da ɗari ya faɗa. A gaban yaran da Shugaba ya koya wa riƙe zarto. Ranar Shugaba ya nuna masa hanya. Ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

"Ina son wadda take kula da shafin," in ji Injiniya.

"Na kore ta."

"A kirawo ta."

"Na ce na kore ta."

"To ni ma a sallame ni. Akwai wuraren da ita kaɗai ta san yadda aka tsara su. Biyu da kwata yanzu."

Shugaba ya yi ƙwafa. Ya yi wa Dogo nuni da haɓa. Dogo ya fita da waya a kunne.

Saura kwata uku ta cika Auta ta iso, da farar rigar shagon maganin da take aiki. Kafin ta shigo Shugaba ya ji hayaniya ta tashi a gaban shago. Labari ya riga ya zaga. Kafintoci sun baro wuraren aikinsu sun taru, wasu da fensir a bayan kunne. Ya ji wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga 'yar aiken yayanta nan!" Aka yi dariya marar daɗi.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ina wuni, Baba."

"Zauna ki nuna mata."

"An kore ni daga ɗakin nan. Ba na shiga sai wanda ya kore ni ya ce in shigo."

"Ke! Da ni kike?"

Ba ta motsa ba.

"Shigo," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

Ta shigo ta ja kujera kusa da Injiniya. Suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Shugaba ya tsani wannan. Mata biyu a ofishinsa suna wani yare da bai iya ba.

"Mutum nawa ke da makullin shiga bayan shafin?" Injiniya ta tambaya.

"Uku," in ji Auta.

"Biyu," in ji Shugaba.

"Uku ne, Baba. Ni, da kai, da Yaya."

"Biyu na ce."

Injiniya ta buɗe jerin. Ta duba, ta sake dubawa.

"Biyu ne a nan."

Auta ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Ina na Yaya? Makon jiya yana nan. Ni ban taɓa shi ba."

"Buɗe mini kwandon sharar shafin."

Auta ta buɗe. Ta dafe ƙirji. Duk rubuce-rubucen da yayanta ya taɓa sakawa a shafin suna ciki. Yadda ake busar da katako, yadda ake kare yatsa daga inji, sanarwar taro ta shekara shida. Ɗari da ashirin da wani abu.

"Kun sa manhajar da ke rubuta wanda ya shiga da abin da ya yi?"

"Yaya ya sa. Ban taɓa buɗe ta ba."

"Yau za ki buɗe."

Suka buɗe. Injiniya ta bi layukan da yatsa, ta sauka, ta sauka, ta tsaya. Ta daɗe a wurin. Auta ta karanta. 

"Malam Dogo," in ji Injiniya, "a ba mu wuri."

"Ni? Ni ne mataimaki fa."

"Na sani. A ba mu wuri."

"Ni na ɗauko ki!"

"Na gode. Rufe ƙofar in ka fita."

Dogo ya dubi Shugaba. Shugaba ya ɗaga masa hannu. Ya fita yana gunaguni, wai yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, baƙuwa tana korar 'yan gida.

"To faɗi," in ji Shugaba. "Wane ne? Ko waye, yau sai ya san da wa yake."

"Ranar Litinin, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe, an shiga ta waya da sunan Shugaba. An goge mutum ɗaya daga cikin masu makulli."

Shugaba ya gyara tsayuwa.

"Ni na goge shi."

Auta ta rufe ido.

"Ni na goge shi, kuma in ya dawo zan ƙara. Wata huɗu kullum in na buɗe shafin ƙungiyata sai in ga hotonsa. Ƙarƙashin kowace rana hotonsa. Yana kallona yana murmushi. Mutumin da ya tozarta ni! Na nemi inda hotunanmu uku suke, na ga jan maɓalli a gefen nasa, na danna. Ba wanda ya koya mini. To sai me? Me ya haɗa wannan da kalanda? Ke ki nemo mini wanda ya kwashe ranakun."

 A shago aka kunna injin yanka, teburin ya ɗauki rawa, aka kashe.

"Baba," Injiniya ta ce a hankali, "da ka danna, bai tambaye ka wani abu ba?"

"Ya kawo wasu ƙananan rubutu."

"Me suka ce?"

 

Shugaba ya tuna safiyar. Yana zaune a bakin gado da wayar a hannu. Layi biyu suka fito, toka-toka, kamar jerin tururuwa. Ya nisanta wayar, ya kusanto ta, ya karkata ta wajen taga. Bai ga komai ba sai ɗigo biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ba zai kira kowa ya karanta masa ba. Ya danna na saman.

"Tambaya ce," in ji Injiniya. "Cewa ta yi: kayan da mutumin nan ya saka, a zubar da su, ko a ba wani ya riƙe? Na sama shi ne a zubar. Ranakun jarrabawar nan duk shi ya shigar da su tun farkon shekara. Da sunansa suke. Rajistar mutane kuma a jikin ranakun take rataye. Da ya tafi, suka bi shi."

"Ƙarya ne."

"Ga shi a rubuce."

"Inji ne ya rubuta. Inji yana ƙarya."

"Wannan bai iya ba."

Auta ta miƙe. Kujerar ta faɗi ta baya, ba ta ɗaga ta ba.

"Kwana biyu, Baba. Kwana biyu ina zargin kaina. Ko abinci ban iya ci ba. Na ce ni ce na danna sabuntawa na kashe wa mutum sittin da uku shekara. Ka tsayar da ni a gaban kwamiti ka ce ban san aikina ba. Ka ce tarbiyyar da ka ba ni ta tashi a banza. Dogo ya ce maƙarƙashiya muka ƙulla ni da Yaya, kana zaune, ba ka ce masa kanzil ba!"

"Sassauta murya."

"Yanzu da zan shigo wani ya tofar da yawu a gabana. Yaron da ka koya wa aiki! Mijina an tare shi a hanya an faɗa masa magana!"

"Na ce ki sassauta murya. Akwai mutane a waje."

"Jiya ma akwai mutane!"

Ya ɗaga yatsa. Ta dube shi, ta dubi yatsan. Shekara talatin da ɗaya, yau ne karo na farko da ba ta sunkuyar da kai ba. Ya sauke hannunsa. Ya juya wajen Injiniya, don ita ce mai sauƙin kallo.

"Kin ce suna cikin kwandon shara. Kwaso su."

"Rubuce-rubucen suna ciki. Su yanzu zan dawo da su. Ranakun kalanda ba sa shiga kwando. Su in an goge, an goge."

"To a sake rubutawa. A kira mutane."

"Mutum sittin da uku, kowa da lambar da hukuma ta ba shi? Rabinsu suna kan rufin gini ba sa ɗaukar waya. Wasu ba su ma rubuta lambar ba, don sun san tana shafi. Uku da minti goma yanzu."

"To meye amfaninki?"

"Akwai hanya ɗaya." Ta mayar da gilashinta. "Wanda ya gina shafin nan ya san aikinsa. Ya sa duk ranar Lahadi shafin yana yin kwafin kansa, yana aikawa wata ma'ajiya. Kwafin Lahadin nan yana da komai. Ranaku, sunaye, lambobi. Minti ashirin ya ishe ni in dawo da su."

"To me kike jira?"

"Ma'ajiyar tasa ce. In na nemi shiga, za a aika lamba shida zuwa wayarsa. Sai ya karanto mana."



"Ba wata hanya?" in ji Shugaba.

"Babu."

"Ki fasa ta. Ku ba kuna fasa irin waɗannan ba?"

"Ni gyara nake yi, Baba. Ba na fasa ɗakin mutane."

Aka buga ƙofa.

"Shugaba!" muryar Dogo ce. "Mutane suna tambaya! Me za a ce musu?"

"Ka ce su jira!"

Ya zagaya ɗakin sau ɗaya. Ɗakin ba shi da girman zagayawa. Ya tsaya yana kallon bango.

"Kira shi," ya ce wa Auta. "Ki ce inji ne ya samu matsala. Kada ki ce ina nan."

Ta ɗauki wayarta. Ta danna kira, ta buɗe murya, ta ajiye a tsakiyar tebur. Shugaba ya harare ta. Ta kau da kai. Injiniya ta danna nata maɓallin.

"Na aika. Minti goma lambar take yi ta mutu."

Ƙara biyu aka ɗauka.

"Auta."

"Yaya, ina wuni. Wata lamba za ta shigo maka yanzu."

"Ta shigo. Ina kallonta."

"Don Allah karanto mana. Matsala aka samu, kalandar ce ta..."

"Na san abin da aka samu. Tun jiya mutum huɗu suka kira ni suna zagina. Wai na sa ki kin rushe shafin. Baba yana nan?"

Auta ta dubi Shugaba.

"Yana nan. Ina jin numfashinsa. Ina wuni, Baba."

Wata huɗu bai ji muryar nan ba. Ba ta canza ba. Irin tasa ce sak, har yadda take sauka a ƙarshen magana. Wannan ya ƙara masa haushi.

"Karanto lambar."

"An wuni lafiya? Ya ƙafar?"

"Ban kira ka gaisuwa ba. Karanto lambar."

"To, Baba. Tun ranar Litinin makullina ya daina buɗewa. Na san Auta ba za ta cire ni ba. Mutum ɗaya ya rage. Ban yi magana ba, na ce shafinku ne, ku yi yadda kuke so. Ban san ka haɗa da ranakun ba sai jiya."

"Ban haɗa da komai ba! Abin da ka gina ne ba shi da kan gado. Wane irin gini ne za a cire ƙusa ɗaya rufi ya zubo?"

"Ya tambaye ka kafin ya zubo."

"Kai! Ni kake faɗa wa magana? Ni na haife ka!"

"Ban musa ba."

"To karanto!"

"Saura minti takwas," in ji Injiniya, ba tare da ta dubi kowa ba.

"Zan karanto, Baba. Wallahi zan karanto. Mutanen nan ba su yi mini komai ba, rabinsu tare muka tashi. Abu ɗaya nake so."

"Sharaɗi za ka kafa mini?"

"Ba na neman ka mayar da ni sakatare. Ba na neman ka ba ni haƙuri, ni ba sa'anka ba ne. Abin da na faɗa a taro, da na san haka zai yi maka ciwo, da a ɗaki na faɗa. Wannan laifina ne. Amma Auta ba ta yi komai ba. Ina jin hayaniyarsu daga nan. Buɗe ƙofa ka faɗa musu ba ita ba ce. Ka ce kai ne. Ina ji, ina karantowa."

"Za a ce musu inji ne ya samu matsala. An gyara. Shi ke nan."

"Jiya ba inji ka kora ba."

Shugaba ya dunƙule hannu.

"Zan mayar da ita aikinta. Ga makulli nan, ta ɗauka."

"Ta ɗauka ta fita ta cikin mutanen da ke cewa ita ce? Za su ce uba ya rufa wa 'yarsa asiri. Har ta tsufa da sunan za a kira ta."

"Yaya, bari," Auta ta ce. Muryarta ta fashe. "Bari kawai. Ka ba da lambar. Ni na haƙura."

"Ni ban haƙura ba."

"Mutum sittin da uku ne, Yaya!"

"Shi ma ya san yawansu."

"Saura biyar," in ji Injiniya.

Aka sake buga ƙofa, wannan karon da ƙarfi, har falankin ya girgiza.

"Shugaba! Uku da rabi ta kusa! Ka fito da ita ta yi wa mutane bayani! Sun ce ba za su tafi ba sai sun ji daga bakinta!"

Bayan muryar Dogo wasu muryoyin suka taso. Shugaba ya san kowacce. Wancan mai kaushin murya shekara tara ya yi a hannunsa. Wancan ubansa ne ya kawo shi yana ɗan tsako, ya ce ga shi nan, ka mayar da shi mutum. Shekara ashirin da biyu yana shugabancinsu. Bai taɓa auna katako sau biyu a gabansu ba. In ya ce aiki ya karkace, ba mai ɗauko tef ya gwada.

Yanzu ya fita ya ce musu me? Ya ce layi biyu ne suka gagare shi? Dogo yana tsaye a gaba, kunne a buɗe. Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga kowane shago. Za su ce ashe yaron gaskiya ya faɗa.

Ya taka zuwa ƙofar. Ya ɗora hannu a kan sakata. Ƙarfen ya yi ɗumi.

Ya waiwaya. Auta tana tsaye tana kallonsa, hawaye ya jiƙa mata wuyan riga, ba ta share ba. Injiniya ta ɗora yatsunta a kan maɓallan, tana jiran lamba shida.

"Baba," muryar ta fito daga tebur, a hankali. "Magana ɗaya ce. Ba ita ba ce, ni ne. Shi ke nan."

"Saura uku," in ji Injiniya.

Shugaba ya dubi sakatar. Ya dubi wayar. Ya sauke hannunsa, ya mayar da shi bayansa, ya riƙe da ɗayan.

"Ba zan faɗa ba."